Valentine, Garin Makiyaya a Tuddan Yashin Nebraska: Tambayoyi da Amsoshi

Valentine ƙaramin gari ne a arewacin jihar Nebraska ta Amurka. A ƙidayar 2020 mutanensa 2,633 ne. Shi ne hedkwatar gundumar Cherry, wadda ta fi kowace gunduma a Amurka yawan shanun haihuwa da ake kiwo don nama. Tarihin garin da zamansa na yau duk a kan abu ɗaya suke tafiya: ciyawar da ta lulluɓe yashi, da yawan filin da iyali ke buƙata kafin su ci abinci daga wannan ciyawa ba tare da sun kashe ta ba.

A ina garin yake, kuma yaya girman gundumar?

Yana kusa da iyakar Nebraska da jihar Dakota ta Kudu, tazarar ba ta wuce kilomita 15 ba. Manyan hanyoyi biyu ne suka haɗu a nan, hanya mai lamba 20 da ta taso daga gabas ta yi yamma, da mai lamba 83 da ta ratsa daga kudu zuwa arewa. Kogin Niobrara na wucewa ta kudu da gabashin garin, rafin Minnechaduza kuma ta arewa. In mutum ya ɗauki hanyar kudu, sai ya yi tafiyar kilomita 210 kafin ya isa North Platte, garin da za a iya kira babba.

Gundumar Cherry ta kai murabba'in kilomita 15,500, wato kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Jihar Kano, amma mutanen cikinta 5,455 ne kacal a 2020, kuma kusan rabinsu a Valentine suke. Shanun haihuwa sun haura 150,000, ban da maruƙa da bijimai. Faɗinta ya sa agogo biyu ake bi a cikinta: yammacin gundumar na bayan gabashinta da awa guda.

An ce ƙasar yashi ce. To me shanu ke ci a kan yashi?

Yankin da ake kira Sandhills, wato tuddan yashi, ya kai murabba'in kilomita 50,000, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Babu tarin tuddan rairayi mai girmansa a duk nahiyoyin Amurka. Wasu tuddan sun kai tsayin mita 120, wasu sun miƙe kilomita 30. Sai dai ba rairayi tsirara ake gani ba. Ciyawa ce iri-iri, doguwa da gajeriya, ta rufe shi, saiwoyinta suka daddaure shi ya zauna wuri ɗaya. Masu binciken ƙasa sun gano cewa shekaru 800 zuwa 1,000 da suka wuce an yi dogon fari, ciyawar ta mutu, tuddan suka riƙa tafiya da iska.

Wannan ne makiyayin Cherry ke tsoro. In shanu suka cinye wuri ɗaya har ƙasa, ko tayar mota ta yanka gefen tudu, ko aka sa garma, iska na samun ƙofa. Sai ta fara kwasar yashin, ramin ya riƙa faɗi shekara bayan shekara, ya binne ciyawar da ke gabansa. Shi ya sa za ka ga an jera tsofaffin tayoyi a gindin turakun wuta ko an shimfiɗa ruɓaɓɓiyar ciyawa a inda ƙasa ta buɗe. A wajensu, gandun da ramuka suka yi wa yawa shaida ce a kan mai shi, kuma maƙwabta na gani. A 2022 masu bincike na Jami'ar Nebraska suka bayyana cewa a cikin filayen ciyawa na ƙasashe masu matsakaicin yanayi, babu wanda ya rage da kamanninsa na asali kamar wannan. Abin da ya fi burge ni shi ne, kusan duk filin mallakar mutane ne, ba gandun gwamnati ba. Masu shanu ne suka riƙe shi haka, domin sun ga abin da ya sami waɗanda suka yi wa ƙasar garaje.

Ruwa fa?

Ruwan sama ba shi da yawa, kimanin milimita 500 a shekara a kewayen Valentine, mafi yawansa daga Mayu zuwa Agusta. Amma yashi ba ya barin ruwa ya gudu. Yana tsotse shi ne kai tsaye zuwa babban ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda ya shimfiɗu a ƙarƙashin jihohi takwas, kuma a nan ne ya fi kauri, har ya kai mita 300 a wasu wurare. A tsakanin tudu da tudu ruwan na tasowa sama ya zama tafki ko fadama. Fadamun nan su ne rumbun makiyayi, a nan yake yankan ciyawar da zai ciyar da garke da hunturu. Gandun da ba shi da fadama, komai faɗinsa, rabin gandu ne.

A kan tudu kuwa rijiya ake haƙawa, a kafa mata famfo mai farfela da iska ke juyawa, ruwa na zuba cikin babban komin ƙarfe. Yanzu da yawa sun koma famfo mai aiki da hasken rana. Zagayen duba famfuna aiki ne na kullum da zafi, domin in guda ya tsaya kwana biyu garke na cikin haɗari.

Su wa ke da ƙasar kafin masu shanu su zo?

'Yan asalin nahiyar ne, kuma a ƙarni na 19 Lakota ne suka fi ƙarfi a nan, musamman reshensu na Sicangu. Ɓaunar Amurka suke farauta, ita ce abincinsu, suturarsu da rufin ɗakinsu. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta amince musu da haƙƙin farauta a wannan yanki, amma kafin shekaru goma su cika an ƙwace haƙƙin, an kuma karkashe ɓaunar. A 1878 aka zaunar da Sicangu, ƙarƙashin shugabansu Spotted Tail, a keɓaɓɓiyar ƙasar Rosebud, arewa da inda Valentine yake yanzu. A 1880 soja suka gina barikin Fort Niobrara don su sa musu ido.

Bai kamata a tsallake wannan ba, domin daga nan arzikin shanun ya samo tushe. Da aka hana Lakota farauta, sai gwamnati ta ɗauki alkawarin ba su nama. Masu shanun farko da suka kafa gandu a bakin Niobrara wannan kwangila suka biyo. Ke nan mutanen da aka raba da ƙasar su ne aka mayar kasuwar farko ta waɗanda suka gaje ta.

Yaya aka gano cewa shanu za su yi ƙiba a cikin tuddan?

Da fari tsoron tuddan ake yi. An ɗauka hamada ce da ke haɗiye dabba da mutum, har masu gandu kan ajiye mahaya a gefenta don su koro duk saniyar da ta nufi ciki. A watan Maris na 1879 guguwar dusar ƙanƙara ta kora dubban shanun wani mai gandu, E. S. Newman, cikin tuddan. Da sanyi ya wuce yaransa suka shiga nema. Suka tarar da shanun lafiya lau, suka kuma tarar da wasu da suka ɓace tun shekarun baya, sun yi ƙiba, sun hayayyafa, babu mai kula da su. Daga nan aka daina korar shanu daga tuddan, aka koma kora su ciki.

Yaushe aka kafa garin, kuma daga ina sunan ya fito?

An fara zama a 1882, jirgin ƙasa ya iso a 1883, shekarar da aka kafa gundumar. Garin ya ci sunan Edward K. Valentine, ɗan majalisar wakilai daga Nebraska a lokacin. Gundumar kuma ta ci sunan Laftanar Samuel Cherry, hafsan barikin da aka kashe a 1881. Da yake layin dogo a nan ya tsaya na ɗan lokaci, sai garin ya zama tashar lodin shanu, wurin sauke kayan soja da na Rosebud, da ofishin rabon filaye na gwamnati. An rufe barikin a 1906, a 1912 aka mai da filinsa gandun namun daji, kuma har yau akwai garken ɓauna a ciki. Layin dogon ma ya mutu a farkon shekarun 1990. An mai da shi hanyar keke da ƙafa, tsohuwar gadarsa mai tsayin mita 45 tana nan a kan Niobrara.

An yi rikicin manoma da makiyaya a can?

An yi, kuma a kan waya aka yi shi. Manyan masu shanu sun fara ne da kiwon sake a filin gwamnati, ba su saya ba, ba su yi haya ba. Da waya mai ƙaya ta samu, sai suka riƙa kewaye filin kamar nasu. A 1885 majalisar ƙasa ta haramta shinge filin gwamnati, amma an yi shekaru ana kawar da kai. A ɗaya gefen kuma ga talakawa masu neman gona. Dokar 1862 na ba mutum eka 160 kyauta in ya zauna a kai shekaru biyar. A ƙasa mai laka wannan gona ce, a kan yashi kuwa ko saniya goma sha biyar ba za ta riƙe ba.

A 1904 ɗan majalisa Moses Kinkaid ya kawo dokar da ta ƙara rabon zuwa eka 640 a gundumomi 37 na yammacin Nebraska. Jama'a suka yi ta kwarara. Don su sami wurin zama dole a tumɓuke shingen manya, kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya nace a kan haka. Shari'ar da ta fi fice ita ce ta Bartlett Richards da William Comstock, masu gandun Spade da ya ratsa gundumomin Sheridan da Cherry. A 1905 suka amsa laifin kewaye eka fiye da 200,000 ta gwamnati, aka ci su tarar dala 300 kowanne da tsarewar awa shida. Roosevelt ya fusata, ya kori lauyan gwamnati da jami'in da aka ba tsaron su. Aka sake gurfanar da su a kan maguɗin takardun fili, aka yanke musu shekara guda a kurkuku. Richards ya rasu a 1911 bai gama wa'adinsa ba.

To amma nasarar ƙananan ba ta daɗe ba. Eka 640 ma ba ta isa ba. Waɗanda suka sa garma suka shuka masara sun ga iska ta kwashe gonar cikin 'yan shekaru. Mutanen gundumar sun haura 11,000 a 1920, daga nan aka fara raguwa, fari da karyewar tattalin arziki na shekarun 1930 suka ƙarasa sauran. Masu tafiya suka sayar wa masu zama. Gandayen iyali na yau, masu dubban eka, daga haɗa waɗannan ƙananan filaye suka fito. A ganina ƙasar ce ta yanke hukuncin ƙarshe, ba kotu ba: ta ƙi manomi, ta kuma ƙi mai shanun da ba ya tanadin ciyawar hunturu.

Gaskiya ne baƙaƙen fata sun taɓa kafa ƙauye a gundumar?

Gaskiya ne. Bayan dokar Kinkaid iyalai baƙaƙen fata sun karɓi filaye a bakin kogin North Loup, kusa da Brownlee, suka kafa ƙauyen DeWitty, wanda daga baya aka sa wa suna Audacious. Wasunsu zuriyar bayin da suka tsere zuwa Kanada ne. Shi ne matsugunin manoma baƙaƙe mafi girma da aka yi a Nebraska. Sun gina coci da makarantu, 'ya'yansu na karatu tare da 'ya'yan maƙwabtansu farare a zamanin da hakan ba ya yiwuwa a kudancin ƙasar. Abin da ya kori sauran ƙananan manoma shi ya kore su, zuwa 1936 ƙauyen ya watse. A 2016 aka kafa allon tarihi a gefen hanya mai lamba 83 don tunawa da su. Kafin su ma, sojoji baƙaƙen fata sun yi aiki a Fort Niobrara.

Yaya shekarar makiyayi take tafiya?

Sana'ar yawancinsu ita ce samar da maruƙa. Ba madara suke nema ba, saniya ɗanta kawai take shayarwa. Baƙaƙen shanu na irin Angus ne suka fi yawa yanzu, a da kuwa jajaye masu farar fuska na irin Hereford ne.

Haihuwa na farawa tun Fabrairu ko Maris, cikin tsananin sanyi. Wannan ne lokacin rashin barci, domin karsanar da za ta yi haihuwar fari sai an riƙa leƙa ta cikin dare, maraƙin da ya faɗo kan ƙanƙara kuma in ba a ɗauke shi da wuri ba sanyi zai kashe shi. Ba abin mamaki ba ne a shigo da shi har cikin gida a ɗumama shi. Wasu sun matsar da haihuwar zuwa Mayu don ta dace da fitowar sabuwar ciyawa, su rage kashe kuɗin abinci. A Afrilu da Mayu ake yi wa maruƙa lalas da rigakafi, a fiɗiye mazan. Daga tsakiyar Mayu a saki garke a makiyayar zafi, inda saniya ɗaya da ɗanta kan buƙaci hekta biyar (kimanin eka 12) ko fiye na watanni biyar kaɗai. An raba gandu gida-gida da waya, ana matsar da garke daga wannan zuwa wancan don ciyawa ta huta. Yuli da Agusta na yankan ciyawa ne a fadama, a busar, a naɗe ta manyan dami da inji, yara da mata duk suna kan tarakta. A Oktoba da Nuwamba a yaye maruƙa, lokacin sun kai kilo 230 zuwa 270, a duba shanun da suka ɗauki ciki, a fitar da waɗanda ba su ɗauka ba. Sai kuma hunturu, kullum a kai ciyawa da dunƙulen abinci mai gina jiki, a fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan komin ruwa.

Abin lura shi ne, kuɗi sau ɗaya suke shigowa a shekara, ranar da aka sayar da maruƙa. Sauran watanni bashin banki ne ke riƙe gida.

Da mutane kaɗan haka, wa ke yin duk wannan aiki?

Gandu mai shanu ɗaruruwa sau da yawa miji da mata ne da 'ya'yansu, wani lokaci da ma'aikaci ɗaya. Ranar lalas ce ba ta yiwuwa haka, don haka gayya ake yi. Maƙwabta kan tsara ranaku don kada su ci karo, kowa ya zo da dokinsa a tirela tun asuba. Mahaya su tattaro garke, gwanaye su jefa igiya su kamo ƙafafun maraƙi na baya, matasa biyu su danne shi, wani ya ɗora ƙarfe, wani ya yi allura. Ba a biyan kowa. Mai gida zai ciyar da jama'a da rana, sannan ya san cewa ana jiransa a gandun kowane ɗayansu. Akwai ladabi a ciki: mai gandu ne ke faɗin wanda zai riƙe igiya, kuma ba a ba yaro ƙarfe sai ya yi shekaru yana danne maruƙa. Akwai injin da ke matse maraƙi mutum biyu su gama aikin, wasu na amfani da shi, amma da yawa sun ƙi, domin in aka daina gayyar babu sauran abin da zai tara mutanen da tsakanin gidajensu ya kai kilomita 20.

Yaya ake sayar da shanun, kuma ba a sata?

Akwai kasuwar gwanjo a Valentine, inda ake shigo da shanu rukuni-rukuni cikin da'ira, a auna su a kan sikeli, mai gwanjo na kiran farashi, masu saye na zaune a benci. Da kaka manyan motoci kan yi layi. Wasu kuma ta bidiyo suke sayarwa tun maruƙan na makiyaya. Daga nan sai wuraren turka, inda ake ɗura musu masara har su kai girman yanka.

Sata tana faruwa, amma sayar da abin sata na da wuya. Kowace alamar lalas tana da rajista, kuma tun 1941 akwai hukumar jiha da ke duba ta. A yammacin Nebraska ba a sayar da saniya ko fitar da ita daga yankin sai jami'i ya duba alamar ya ba da takarda.

Yaya sanyi da zafin wurin?

Duka biyun suna da tsanani. An taɓa auna digiri 39 ƙasa da sifili a Valentine, an kuma taɓa auna sama da 45. Tsofaffi har yau suna ba da labarin guguwar da ta fara ran 2 ga Janairun 1949, ta yi kwana uku, wasu suka biyo bayanta. Hanyoyi da layin dogo suka toshe na makonni, jiragen sama suka riƙa jefa wa shanu ciyawa, soja suka zo da katafila suna buɗe hanya. Da rani kuwa tsawa ce ke tayar da gobara. A Yulin 2006 wuta ta cinye gidaje a arewacin garin, a Yulin 2012 kuma ta ƙone dubun-dubatar eka a kwarin Niobrara. 'Yan kwana-kwanan duk 'yan sa kai ne, makiyaya da masu kanti, kowa na ganin hayaƙi zai bar abin da yake yi.

Makaranta, asibiti da kanti fa?

Shekaru da dama yaran gandu a makarantu masu aji ɗaya suke karatu, malama guda da yara kaɗan masu shekaru daban-daban. Dokar jiha ta 2005 ta haɗe ƙananan hukumomin makarantun da manya, yawancinsu suka rufe, 'yan kaɗan suka rage a ƙarƙashin hukumar makarantun Valentine. Sakandare ce ke raba iyali. Wanda gandunsa ke nesa da gari ko dai ɗansa ya riƙa tuƙa mota mai nisa kullum, shi ya sa jihar ke ba yaran karkara izinin tuƙi zuwa makaranta tun suna shekara 14, ko kuma uwa ta koma gari da yara daga Litinin zuwa Juma'a, uba ya zauna da shanu.

Akwai ƙaramin asibitin gunduma, ciwo mai tsanani kuma sai a ɗauki mutum a jirgi zuwa birni. Garin na da jaridar mako-mako da gidan rediyo da ke karanta farashin shanu da sanarwar rasuwa. A ƙauyen Cody, yamma da Valentine, an yi shekaru babu kantin kayan abinci, sai a 2013 ɗalibai da malamansu suka buɗe nasu, aka gina bangonsa da damin ciyawa, ɗaliban ne kuma ke gudanar da shi.

Me ke tara jama'a ban da aiki?

Coci-coci, wasannin makarantar sakandare, da bikin baje kolin gunduma a watan Agusta, inda yara ke nuna maruƙan da suka rena da hannunsu, ana kuma wasan kaboyi. A Fabrairu akan rufe babban titi a kafa shingaye, masu kiwon bijimai su baje su a tsakiyar gari don masu saye su gani. A watan ne kuma dubban katuna ke isowa gidan waya daga wurare masu nisa don a buga musu hatimin garin kafin ranar masoya. Da zafi baƙi na zuwa tuƙa kwale-kwale a Niobrara, wanda tun 1991 aka sa kilomita 122 nasa ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya, su ga magangarar ruwa ta Smith, mafi tsayi a jihar, su kuma kalli taurari a madatsar Merritt. Kuɗin baƙin nan ne ya sa Valentine bai ƙanƙance kamar ƙauyukan kewayensa ba.

Yaya zamansu da Lakota yanzu?

Kullum suna tare. Mutanen Rosebud a Valentine da yawansu ke cefane, wasu a nan suke zaune, 'ya'yansu na makarantun garin. 'Yan kasuwar garin sun san cinikinsu ya dogara da su ƙwarai. Amma gundumar Todd, inda Rosebud take, na cikin mafiya talauci a duk Amurka, kuma tazarar arziki tsakanin gefe biyu na iyakar ba ta ɓoyuwa. Lakota ba su manta yadda ƙasar ta fita hannunsu ba.

A Najeriya ana yawan cewa a killace shanu a gandu kamar yadda ake yi a Amurka. Wannan ne ake nufi?

Irinsa ne, kuma yana da kyau mai wannan magana ya san abin da ke riƙe da shi. Gundumar Cherry ba ta kai mutum ɗaya a kowane murabba'in kilomita biyu ba. Ruwa na nan a ƙasa duk shekara. Kowane fili na da takardar mallaka da banki ke karɓa jingina. Akwai sikeli, gwanjo, likitan dabbobi, hanya da mai saye. Waya ita ce mafi sauƙi a cikin jerin. Kuma an kai ga wannan tsari ne bayan an kori masu ƙasar na asali, an yi shari'u, rabin waɗanda suka zo daga baya sun tashi. Abin da za a iya ɗauka daga can shi ne lissafin yawan dabbar da fili zai iya ɗauka, hutar da makiyaya, tanadin busasshiyar ciyawa, da rajistar alama. Faɗin filin kam ba a iya ɗaukowa.

Me ya fi damun mutanen garin a yau?

Na farko gado. Farashin fili ya wuce abin da shanu za su iya biya, domin masu kuɗi daga waje na saye don farauta ko ajiyar dukiya. Ted Turner, wanda ya kafa CNN, ya sayi ɗaruruwan dubban eka a tuddan, har da cikin Cherry, ya zuba ɓauna. A 1982 masu zaɓe a Nebraska sun hana kamfanoni mallakar gonaki, amma kotunan tarayya sun soke dokar bayan shekaru fiye da 20. Saurayin da bai gaji fili ba da wuya ya fara, wanda ya gada kuma sai ya biya 'yan uwansa rabonsu. Ga harajin fili, wanda da shi ake riƙe makarantu, kuma ana biyansa ko an yi fari ko ba a yi ba. Ga kamfanoni huɗu, Tyson, JBS, Cargill da National Beef, da ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun turka a ƙasar, abin da makiyaya ke ganin yana danne musu farashi.

An kuma yi ja-in-ja a kan abin da za a kafa a kan yashin. Makiyayan Nebraska na cikin waɗanda suka tilasta aka kauce wa tuddan da bututun mai na Keystone XL, kafin a soke aikin gaba ɗaya a 2021. Batun injinan wutar iska da babban layin lantarki kuwa ya raba maƙwabta a cikin gundumar: wasu na ganin kuɗin haya ne zai sa su riƙe gandu, wasu na cewa manyan motocin gini za su yanka tuddan da ba za su warke ba.

Sai kuma wani itace mai suna redcedar. Gwamnati ce da kanta ta yi shekaru tana raba dashensa don kare gidaje da garke daga iska. Tsuntsaye suka baza irinsa, kuma da yake an daina barin wuta ta ci daji, sai ya fara mamaye makiyaya daga gabas da kwarin kogi. Inda ya yi duhu ciyawa ba ta fitowa. Sare shi da inji na da tsada, kuma sai a dawo a tarar da sababbi. Maganin da ya fi aiki shi ne a ƙone makiyaya da gangan tun itatuwan na ƙanana, abin da ke da wuyar karɓa ga mutanen da suka tashi da tsoron gobara a kan yashi. Gwaje-gwajen jami'ar jihar sun nuna ciyawar na dawowa in an yi ƙunar a kan lokaci aka kuma hutar da filin, don haka a wasu sassan Nebraska makiyaya sun kafa ƙungiyoyin ƙuna, suna haɗa motocin ruwa da ma'aikata, suna bi gandu-gandu a farkon bazara.